Tukunyata da Tukunyar Kande

Kafanchan,
bayan girbin dawa.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kun sauka lafiya ke da mijinki Ishaya, kuma kun sami ɗakin nan na Mararaban Rido yadda aka faɗa muku. Babanki yana gaishe ku. Tun da motarku ta tashi nake roƙon Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare shigarku da fitarku a baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa.

A tasha kin raɗa mini cewa kina so ki ɗora tukunyar burukutu a can. Ban ba ki amsa ba saboda taron jama'a, kuma hawaye ya cika mini ido. Ga amsar yanzu, da rubutuna na ajin yaƙi da jahilci, sai ki yi haƙuri da shi. Ki ɗora. Ban hana ki ba, ba na kuma jin tsoro a kanki. Sana'ar nan ita ta ciyar da ku, ita ta kai ki makaranta. Aikin hannu kuwa kin gama iya shi: jiƙa dawa, jiran tsiro, shanya, niƙa, dahuwar fari, kwana, dahuwa ta biyu. Lokacin da nake shekarunki ban kai ki ba. Abu ɗaya ne ban koya miki ba, wato abin da za ki yi ranar da wata mace ta kafa murhunta kusa da naki. A nan ne na faɗi, kuma ba sau ɗaya ba.

Kin san Kande a matsayin Inna Kande, wadda ta tsaya a kan girkin bikinki har muryarta ta dishe. Kina yarinya lokacin da abin ya faru, kin ga wani kin manta wani. Yau zan faɗa miki duka.

Da na fara sana'a a bayan gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ni kaɗai ce a layinmu. Da an tashi daga aiki da yamma, leburori su cika mini tsakar gida. Helumansu, wato shugaban aikinsu, Baba Bitrus, yana da wurin zamansa a kan kututture a gindin mangwaro, ba mai taɓa masa shi. Ina ganin kamar Allah ya rubuta mini layin nan ni kaɗai. Bayan an gama yaƙin basasa sai ga Kande daga Kagoro. Mijinta soja ne, bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya uku. Ta kama haya a gida na uku daga namu. Kafin ta sayi ko itace sai da ta zo ta durƙusa a bakin murhuna.

Ta ce, "Yaya Maryamu, na zo gaishe ki. Ni ma abin da na iya ke nan, da shi zan riƙe yaran. Ki gaya mini ranakun da kike sayarwa don kada mu yi karo."

Ko juyowa ban yi ba. Ina motsa tukunya na ce, "Kowace rana tawa ce."

Ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta tashi ta tafi. Kuskurena na fari ke nan, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Mace ta kawo mini zaman lafiya har gida, na kore shi da muciya. Saratu, a Mararaba ke ce baƙuwa. Kafin ki jiƙa dawa ko mudu ɗaya, ki nemi matan da suka riga ki, ki gaishe su da ladabi, ki sayi ƙwarya ɗaya a wurinsu ki sha, ki tambayi ranakunsu. In sun karɓe ki, madalla. In wata ta juya miki baya yadda na yi, kada ki riƙe ta a zuciya. Tsoro ne ke damunta, na san shi.

Burukutun Kande yana da kyau. Ban yarda da haka ba a lokacin, amma bencina ya yarda, domin ya fara zama da sauran wuri. Sai na tafi kasuwa na sayo ƙore waɗanda suka fi nawa na da girma, kuɗin kuwa na bar shi yadda yake. Sati bai zagayo ba ita ma ta sayo manya. Na fara yin gyara, ludayi guda a kan kowace ƙwarya. Ta yi ludayi biyu. Na riƙa leƙen ranar da ta shanya tsironta, in shanya nawa, don mu sauke rana ɗaya. Mazan nan kuwa daɗi ya kashe su. Su sha a nan, su tsallaka can, suna dariya suna cewa, "Maman Saratu, a can fa an ƙara."

Kin san burukutu ba ya jiran kowa. Wahalar kwanaki ce, amma ranarsa ɗaya, washegari ya yi tsami. Layin da ke iya shanye tukunya biyu muka riƙa sauke masa huɗu. Abin da ya rage sai aladu. Ban taɓa ganin aladunmu sun yi ƙiba irin ta shekarar nan ba, ni kuwa zanena ya riƙa kwancewa daga ƙugu. To ki ji. Girman ƙwaryarki da kuɗinta, ki tsai da su a kan dawar da kika saya, da itacen da kika ƙona, da bayanki da ya sha hayaƙi. Kada ki tsai da su a kan haushin wata. Mai saye ba zai taɓa ce miki kin yi araha da yawa ba.

Babbar ƙwarya tana son abin cika ta, dawa kuwa ta yi tsada da damina. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara. Na ƙara ruwa a dahuwa ta biyu, na zuba garin rogo don ya yi kauri a ido. Na ce a raina, wa zai sani? Ranar Asabar Baba Bitrus ya zauna a kututturensa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye a hankali. Ya sake kurɓa. Sai ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

Ya ce, "Maman Saratu, ƙwarya dai ta girma. Dawar fa, ina ta tafi?"

Na ce, "Baba, yadda na saba yi ne. Wataƙila bakinka ne yau."

Ya dube ni ya ce, "'Yata, harshen nan ya girme ki. Shekara nawa ina zama a nan ban taɓa tambayarki abin da ke cikin tukunya ba? Yau kin sa na tambaya."

Ya ajiye kuɗinsa cif, bai rage ko kwabo ba, ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Kande. Mutum biyar suka tashi suka bi shi. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi. Saratu, ruwan da kika ƙara a ɓoye, a bainar jama'a ake shan sa. In dawa ta yi tsada, ki rage yawan abin da kike dafawa, ko ki fito fili ki ce kuɗi ya ƙaru. Za su yi gunaguni su biya. Amma ranar da mutum ya fara shakkar tukunyarki, ko zuma kika zuba masa sai ya shinshina.

Yanzu na zo wurin da hannuna ke nauyin rubutawa. Maimakon in gyara tukunyata, sai na nemi in fasa tata. Wata safiya a injin niƙa, mata sun yi layi da kwanuka, wata ta ce mini, "Maryamu, kwana biyu gidanki shiru." Na ce, "Ai dole. Ba banza ba maza ke tururuwa gidan gwauruwa. Ku tambaye ta abin da take zubawa a tukunya." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ga komai ba, ban ji komai ba, daga cikina na ƙago shi.

Magana zarar bunu ce. Kafin Lahadi biyu, zance ya zama wai Kande na karɓo magani wurin boka a kan dutse, wai duk namijin da ya sha ba zai ƙara jin maganar matarsa ba. Mata suka hana mazansu zuwa. Mai gidan hayarta ya ce ta nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. A zumuntar mata, in ta zauna a benci sai a matsa. Rahila, 'yarta, wadda kuke aji ɗaya, ta dawo daga makaranta da kuka don yara sun kira ta 'yar mai magani. Ke da bakinki kika ba ni labarin, kina tambayata ko gaskiya ne. Na ce ki yi shiru ki ci abincinki.

Gidana ya sake cika. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. Har sabuwar atamfa na yanka.

Wata ranar Asabar da rana tsaka, tsakar gida cike, sai ga Kande ta shigo da ƙwarya a hannu, Baba Bitrus na biye da ita. Ta rame. Ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga ƙwaryar ta sha rabi a gaban kowa, sannan ta miƙo mini.

Ta ce, "Yaya Maryamu, ga abin da nake sayarwa. Ke gwana ce, bakinki ya san dawa. Ki sha, ki gaya wa mutanen nan maganin da kika ji a ciki."

Na karɓa, don ba yadda zan yi. Na sha. Dawa ce zalla, tsiron ya nuna daidai, wutar ba ta yi yawa ba. Ya fi nawa nesa ba kusa ba. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma girman kai ya hana ni. Na miƙa mata ƙwaryarta na ce, "Ni ban ce komai a kanki ba."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce, "To. Allah ya ji." Ta fita.

Ranar Alhamis da safe na kawo wa babanki kunu da ƙosai kafin ya tafi wurin aikinsa na kafinta. Kin san shi, ba mai yawan magana ba ne. Ya ture kwanon gefe ya ce, "Maryamu, an ce Kande na ɗaure kaya za ta koma Kagoro. Ni ba zan ci abin da aka saya da hawayen marayu ba." Ya ɗauki zartonsa ya fita da yunwa. Kwana uku yana haka, a gidan ƙanensa yake cin abinci.

Ranar Lahadi bayan sujada, da matan zumunta suka zauna, na miƙe. Na ce, "'Yan'uwa, maganar da ake yi a kan Kande ni na fara ta, kuma ƙarya ce. Kishin kasuwa ne ya sa ni." Wata ta ce, "Kai, Maryamu!" Wata ta kama baki. Kande ba ta wurin, ta daina zuwa. Daga nan ban biya gida ba, na wuce wurinta da kayan coci a jikina. Na same ta tana naɗe tukwane da ciyawa don kada su fashe a mota. Na durƙusa a bakin murhunta, na faɗa mata abin da na yi, na roƙe ta gafara.

Ba ta rungume ni ba, kada ki zata. Ta ci gaba da ɗaurin da take yi, ta ce, "A coci kika faɗa?"

Na ce, "I."

Ta ce, "Ba a coci kika zubar da ni ba. A injin niƙa kika zubar da ni. Can za ki je ki kwashe."

Ranar Litinin na je. Injin yana ta ƙara, ba mai jin wani, dole na ɗaga murya kamar mai tallan kifi: "Ƙarya na yi wa Kande! Ba ta zuba komai!" Mai injin ya kashe shi don ya ji abin da ke faruwa, sai muryata ta fito ita kaɗai, har masu wucewa a titi suka tsaya. Na maimaita. An yi mini dariya har na kai gida, an kuma yi wata guda ana nuna ni da baki. Ban mutu ba. Babanki da Baba Bitrus suka je suka ga mai gidan hayar, ya bar ta ta zauna. Amma har yau akwai matan da ba su yarda an wanke ta ba, suna cewa tilasta mini aka yi. Abin da na zubar ban iya kwashe shi duka ba, kuma da shi zan tafi kabari.

Don haka, 'yata, ki yi gasa da hannunki, kada ki yi da bakinki. In an zo ana zagin tukunyar wata a tsakar gidanki don a faranta miki, ki ce, "Ban sha ba, ban sani ba," ki kawo wata hira. Wanda ya kawo miki zancen wata, da naki zai koma.

Sai da aka yi girbi aka sake shuka kafin Kande ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ita ce kuma ta fara kawo shawara. Ta ce, "Yaya, aladu sun ci rabonsu, ya isa." Muka raba ranaku: ni Talata da Asabar, ita Litinin da Alhamis, Juma'a kuwa mu yi karɓa-karɓa. Muka je kasuwa tare muka zaɓi ƙore masu girma ɗaya. Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, mutane suka rikice da lissafin sule da kwabo, mu biyu muka zauna muka tsai da kuɗi ɗaya, ba wanda ya sami ƙofar cewa a can an fi araha. Da kaka mukan haɗa hannu mu sayi dawa a ƙauye tun tana araha, mota ɗaya ta kawo mana.

Kada ki ɗauka mun daina gasa. Har gobe ina so a ce nawa ya fi nata, ita ma haka. In na ji an yabi na Alhamis, ranar Asabar sai na tashi da himma biyu. A wurinta na koyi rufe tsiro da ganyen ayaba, ita kuma a wurina ta koyi rage wuta a dahuwa ta biyu, ko da yake ba za ta yarda ba in kin tambaye ta. Irin wannan gasar ita ke gyara sana'a. Tun da na sami wadda nake jin kunyar ta fi ni, hannuna bai sake lalaci ba.

Da aka buɗe otal kusa da tashar jirgi, da firji da kiɗan faifai da giyar kwalba, Kande ta zo mini hankalinta a tashe, ta ce, "Yaya, mun ƙare." Na ce ba mu ƙare ba. Gaskiya ne akawuna da malaman makaranta sun koma can, musamman da aka ƙara musu albashi, suna son a gan su da kwalba a kan tebur. Amma kwalba ba ta riƙe cikin wanda ya wuni yana ɗaga ƙarfen dogo. Manomi ba ya kiran gayya da kwalba, ba a kuma sallamar baƙin biki da ita. A Mararaba, kusa da Kaduna, za ki ga kwalba fiye da nan. Kada ki tsorata, kada kuma ki yi ƙoƙarin zama otal. Ki share tsakar gidanki, ki wanke ƙore da ruwa mai kyau a inda kowa ke gani, ki san sunan kowane mai zuwa da sunan garinsu. Wannan firji ba ya yi.

Saura abu ɗaya, shi ma kuskurena ne. Akwai wani lebura da na riƙa cika wa ƙwarya ranar albashi, ina ganin ya wuce iyakarsa, amma hannuna bai tsaya ba don nasa bai daina shiga aljihu ba. Sai matarsa ta zo ta tsaya a ƙofar gida da goyo a baya. Ba ta shigo ba, ni kawai take kallo. Tun daga ranar, in na ga idon mutum ya juya, nakan kife ƙwaryarsa in ce, "Na yau ya ƙare, sai wani satin." Wasu sun yi fushi, amma sun dawo, matansu kuma suna gaishe ni a kasuwa. Ke a bakin hanya za ki zauna, direbobi za su riƙa tsayawa. Wanda ya bar mota cike da mutane yana jiran ya sha ya koma sitiyari, kada ki sayar masa ko nawa ya ajiye. Ki ba shi ruwa. Mijinki makanike ne, ya san yadda mota ke zama in an jawo ta daga rami, ki tambaye shi.

Za ki haɗu da masu ibada da za su ɗaga miki hanci saboda sana'arki. Kada ki yi musu da su, kada kuma ki sunkuyar da kai. Ki kiyaye ranar Ubangiji, kada wuta ta taɓa tukunyarki ran Lahadi, ki yi awo da gaskiya, sauran ki bar wa Allah. Ki riƙa shawara da Ishaya, kuma kada hayaƙin murhu ya sa ki manta da tuwon gidanki.

Tukunyarki ta fari, ki fara ɗanɗana ta ke kaɗai. In ba ta yi ba, kada ki sayar, ki sake sabuwa. Ruwan can ba irin namu ba ne, sai kin koyi halinsa. Na san za ki koya, domin ni na haife ki. Na gaya wa Kande ina rubuta miki duk wannan, ta ce in rubuta har da na injin niƙa, kada in tsallake. Ta kuma ce in sanar da ke cewa bayan Kirsimeti za mu hau mota mu biyu mu zo mu sha na hannunki. Ki shirya da kyau, don bakinmu ba ya jin kunyar kowa, kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan ɗanɗano ba. In kika sa mu biyu muka ce ya yi, to ba mai ja da ke daga nan har Kaduna.

Ubangiji ya tsare ki, ya tsare mijinki, ya kiyaye ku daga haɗarin hanya da ciwo da mugun baki. Ya sa albarka a hannunki da murhunki, ya ba ku zaman lafiya da maƙwabta, ya kuma sa mu sake ganin juna da rai da lafiya. Amin.

Ni ce mamarki,
Maryamu.